Abin da ya kamata ku sani game da filin tseren motoci da babura

Duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya san abin da kan biyo bayan shafa fatiha. Kafin dattawa su gama gaisawa, abokan ango sun tayar da babura. Wani ya cire salansa don ƙara ta game unguwa, wani ya ɗaga tayar gaba yana tafiya a kan ta baya, wani kuma ya kwanta rub da ciki a kan kujera yana murɗa totur. Yara na bi da gudu suna sowa, iyaye mata na leƙowa ta zaure suna salati. Sau da yawa a tashi lafiya. Wata rana kuwa sai an kwashi wani zuwa wurin mai ɗori, ko gidan biki ya koma gidan gaisuwa.

Tuƙin ganganci muke kiran wannan, kuma sunan ya dace. Sai dai wanda ya tsaya ya kalli yaran nan da idon basira zai ga akwai gwaninta a hannunsu. Saurayin da ke iya riƙe babur a kan taya ɗaya na tsawon layi guda ya san nauyi, ya san birki, ya san daidai inda zai saki totur. Abin da ya rasa shi ne wurin da zai nuna wannan baiwa ba tare da ya sa ran ɗan wani a hatsari ba. A wasu ƙasashe an daɗe da gina wa wannan sha'awa gida nata, wato filin tsere, kuma tarihin yadda aka yi aka gina shi ya yi kama da halin da muke ciki.

Su ma can a kan titin jama'a suka fara. A shekarar 1903 aka shirya tseren motoci daga Paris ta Faransa zuwa Madrid ta Sifen, a kan hanyar da manoma da dabbobinsu ke bi, jama'a kuma suka yi dafifi a bakin hanya ba shinge ba komai. Tun ranar farko aka yi ta hatsari, mutane da dama suka rasa rayukansu, direbobi da 'yan kallo, har da Marcel Renault, ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka kafa kamfanin motoci na Renault. Gwamnatin Faransa ta dakatar da tseren a birnin Bordeaux, ba a ƙarasa Madrid ba. A Ingila kuwa doka ta hana mota wuce mil 20 a awa a kan titi, kimanin kilomita 32 ke nan. Sai wani mai hali, Hugh Locke King, ya ware wani yanki na ƙasarsa ya gina hanya mai zagaye da kuɗinsa, aka buɗe ta a 1907 da sunan Brooklands. Ita ce ake lissafawa a matsayin fili na farko da aka gina musamman don tseren mota. Amurka ta biyo baya da filin Indianapolis a 1909, wanda a yau yake da kujerun zama fiye da 200,000.

To, mene ne filin tsere? Hanya ce da ta zagayo ta haɗe da kanta, an killace ta, kowa na tafiya fuska ɗaya, babu mai tahowa ta gaba, babu mai tsallakawa, babu akuya, babu amalanke. Manyan filayen da ake gasar Formula 1 a kansu, wadda ita ce ƙololuwar tseren motoci a duniya, tsawonsu kan kama daga kilomita 3 da ɗoriya zuwa 7. Na Monako kilomita 3.3 ne, na Spa a ƙasar Beljiyam kilomita 7. A akasarinsu ana ta zagayawa har a cika kimanin kilomita 305, tafiyar da ta fi nisan Kano zuwa Kaduna, kuma a kan gama cikin wajen awa ɗaya da rabi. A miƙaƙƙiyar hanya motocin kan wuce kilomita 320 a awa. Amma masana sun san ba a miƙe ake cin tsere ba, a kwana ake ci. Wanda ya fi iya jinkirta taka birki, ya shiga kwana ta inda ya dace, ya fita da ƙarfinsa, shi ke wuce ɗan'uwansa.

Abin da ya fi cin kuɗi da tunani a filin tsere shi ne abin da ke gefen kwalta. Masu zana fili sun ɗauka tun farko cewa direba zai yi kuskure, saboda haka suke tanadar masa wurin yin kuskuren. A bayan kowace kwana mai hatsari akan bar fili mai faɗi, wani a shimfiɗa masa kwalta, wani a zuba masa tsakuwa mai zurfi wadda ke riƙe tayoyi ta rage wa mota gudu. Bayan wannan sai jerin tsofaffin tayoyi da aka ɗaure su da juna, ko katangar roba mai shanye ƙarfin karo. Bayanta sai shingen ƙarfe, sai doguwar ragar waya mai tare ɓaraguzai, sannan a zo ga wurin zaman 'yan kallo. Dalilin wannan nisa lissafi ne da ya kamata kowane ɗan acaba ya riƙe: idan ka ninka gudunka sau biyu, nisan da kake bukata kafin birki ya tsayar da kai zai ninku sau huɗu. Babur ɗin da zai tsaya cikin taku goma a gudun 30, sai ya ci taku arba'in a gudun 60. A cikin lungun gari, ina aka bar maka taku arba'in?

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai da jini aka koye shi. Ranar 11 ga Yuni, 1955, a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, wata motar Mercedes ta bugi wata, ta tashi sama ta tarwatse cikin jama'a. Direbanta, Pierre Levegh, da 'yan kallo fiye da 80 suka mutu. Ƙasar Suwizalan ta hana tseren motoci a filayen zagaye na shekaru masu yawa saboda wannan rana. Ranar 1 ga Mayu, 1994, Ayrton Senna ɗan Barazil, zakaran duniya har sau uku, ya rasu sakamakon hatsari a filin Imola na Italiya, abin da ya sa aka sake fasalin kwanoni da dama da ginin motocin kansu. Amfanin wannan gyara ya fito fili a Baharen ranar 29 ga Nuwamba, 2020, lokacin da motar direba Romain Grosjean ta daki shingen ƙarfe ta rabe biyu ta kama da wuta. Cikin abin da bai kai rabin minti ba ya fito da ƙafarsa, ƙuna kawai ya samu a hannuwa. Kayan jikinsa ba sa kama wuta da wuri, akwai wani baka na ƙarfe da aka wajabta sa wa motocin tun 2018 don kare kan direba, kuma motar likita tana biye da su, domin ƙa'ida ce ta bi bayan masu tsere a zagayen farko. Allah ne ya yi da sauran kwanansa, mutane kuma sun yi nasu tanadin.

Akwai wasu ma'aikata da baƙo ba ya cika lura da su, alhali babu tsere sai da su. Su ne masu tsaron hanya, waɗanda ake jerawa a rumfuna ƙanana a duk tsawon filin, kowa da tutocinsa da abin kashe gobara, kuma akasarinsu aikin sa-kai suke yi. Da tuta suke magana da direba. Rawaya na nufin akwai hatsari a gaba, ka rage gudu, kada ka wuce kowa. Kore na nufin hanya ta gyaru. Ja na nufin an tsayar da tsere. Shuɗiya na gaya wa wanda aka yi wa zagaye ya ba na gaba hanya. Baƙa kora ce, wanda aka ɗaga wa ita ya fita ke nan. Mai ɗigon baƙi da fari kamar allon dara ita ce alamar an kammala. Direban da ya raina tuta, komai sunansa, akan hukunta shi. Hukumar FIA, wadda aka kafa a 1904, ita ke duba filayen motoci ta ba su lasisi daraja-daraja, hukumar FIM kuma ke kula da na babura.

Me baƙo zai samu idan ya je? Babbar gasa kwana uku take ɗauka. Juma'a gwaji, Asabar a fafata don sanin wanda zai tsaya a sahun gaba, Lahadi a yi tseren. Tikiti iri-iri ne: akwai na zama a kan tudu ko ciyawa, wanda shi ne mai sauƙi, akwai na kujera a rumfa, akwai kuma na masu hannu da shuni a saman garejin motoci. Shawarata ga wanda ya samu dama, ya nemi kujera a kusa da kwana mai tsanani. A miƙaƙƙiyar hanya motar kan wuce kafin ido ya kama ta, amma a kwana za ka ga birki ya yi ja saboda zafi, ka ga yadda ɗaya ke neman kutsawa ɗayan na toshe masa. A tafi da abin toshe kunne, musamman don yara, da hula da ruwan sha. Farkon tsere ma abin gani ne: fitilu ja guda biyar su kunnu ɗaya bayan ɗaya, wuri ya yi tsit in ban da rurin injuna, da sun mutu gaba ɗaya sai a ɓarke.

Wanda ya taɓa zaman jiran mai faci a bakin tasha, garejin gefen hanya ne zai fi ɗaure masa kai. Mota za ta shigo, mutum wajen ashirin su rufe ta, a ɗaga ta, a cire tayoyi huɗu a sa sababbi, ta fita cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai. A Ƙatar a 2023 ma'aikatan ƙungiyar tsere ta McLaren sun yi wannan aiki cikin daƙiƙa 1.8. Kowace taya mutum uku ne a kanta: mai kwance noti, mai cire tsohuwa, mai sa sabuwa. Babu wani sirri a ciki illa kowa ya san aikinsa ɗaya tak, ya maimaita shi sau ɗaruruwa. A wasu filayen akan ba masu tikiti damar zagaya wannan layi na gareji kafin ranar tsere, su ga motocin da idonsu.

Gasa kwana uku ce a shekara, sauran kwanakin kuwa fili ba ya zama haka nan. A nan ne ma talaka ya fi morarsa. Kusan kowane babban fili na da ƙaramar hanya ta 'yan ƙananan motoci marasa rufi da ake kira kat, inda yaro ko babba zai biya kuɗi kaɗan, a sa masa hular kwano, ya yi 'yan zagaye. A irin wannan Lewis Hamilton, wanda ya ci kambun duniya na Formula 1 sau bakwai, ya fara yana ɗan shekara 8. Akwai ranakun da ake buɗe babbar hanyar ga duk mai mota ko babur, bayan an duba birkinsa da tayoyinsa an karanta masa dokoki. A Nürburgring ta Jamus, mai tsawon kilomita kusan 21, mutum kan biya kuɗin zagaye ya shiga da motarsa ta gida. Akwai makarantun koyon tuƙi inda ake jiƙa kwalta da gangan a koya wa direba abin da zai yi idan mota ta zame. Yas Marina ta Abu Dabi, wadda aka buɗe a 2009, kan buɗe ƙofa wasu maraice ga masu keke da masu tattaki. Silverstone ta Ingila, wadda filin jiragen yaƙi ce a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu kafin ta karɓi gasar Formula 1 ta farko ranar 13 ga Mayu, 1950, tana da gidan tarihi. Kamfanonin taya da na motoci ma kan yi hayar fili don gwada kayansu.

Filin da ya fi kusa da ƙafar Bahaushe mai tafiye-tafiye shi ne na Jidda, a bakin Bahar Maliya, mai tsawon kilomita kusan 6.2 da kwana 27, wanda aka fara tsere a kansa da dare a watan Disamba na 2021. A nahiyarmu kuwa rabon da a yi Formula 1 tun 1993, a filin Kyalami na Afirka ta Kudu. Ruwanda ta bayyana a Disamba 2024 cewa tana neman a kawo mata. A Najeriya, a garin Evbuobanosa na jihar Edo, masu sha'awar abin sun gina filin da suke tseren babura da motoci a kansa.

Ƙasar Hausa ta fi sanin ɗaya nau'in, wato tseren dogon zango da ake yi daga gari zuwa gari. Dattawan Nijar na tuna tseren Paris zuwa Dakar, wanda Bafaranshe Thierry Sabine ya ƙirƙiro. Na farko ya tashi ranar 26 ga Disamba, 1978, ya ratso Aljeriya ya biyo ta Agadas da Yamai. Cikin ababen hawa 182 da suka tashi, 74 ne suka isa Dakar, kuma mai babur ne, Cyril Neveu, ya zo na ɗaya. Garuruwan da ayarin ke yada zango sun ga ciniki, amma ƙauyukan da ke kan hanya sun ga baƙin ciki, domin babu shinge tsakanin motar da ke gudu da yaron da ya fito kallo. A 2006 kaɗai yara biyu aka kashe, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. A 2008 aka soke tseren saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Nan gida, bikin kamun kifi na Argungu ya daɗe yana tafiya da nasa tseren motocin.

Ni a ganina, Bakatsine ba ya bukatar a je da shi Turai kafin ya gane ma'anar filin tsere, domin ya gaji irinsa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan folo a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma har yau ana ambatonsa cikin gwanayen da Najeriya ta taɓa yi a wannan wasa. Filin folo na Katsina da filin sukuwa na Kano duk tsari ɗaya ne: ga inda doki zai bi, ga inda jama'a za su tsaya, ga alƙali, ga lokacin farawa. Ko a ƙauye, idan za a yi sukuwar Sallah, akan fitar da ita bayan gari, dogarai ko 'yan banga su kora yara gefe. Doki ba ya kai gudun babur, amma mun ware masa fili. Babur kuma mun bar shi yana wasa a ƙofar gida.

Na san wanda ke zaune a Sabuwa ko 'Yankara zai ce wannan ba ita ce damuwarsa ta yau ba, kuma yana da gaskiya. A yankin nan babur ya ɗauki ma'ana biyu. Shi ne motar asibiti, shi ke kai taki gona, shi ke kai buhun masara kasuwar Sheme, shi ne jarin dubban samari. Shi ne kuma abin hawan 'yan bindiga, har ta kai jin rurin babura da yawa da dare na tayar da gari. Ba a manta daren 11 ga Disamba, 2020 ba, da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A 2021 gwamnatin jihar Katsina ƙarƙashin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka da goyon mutum biyu a babur, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. A irin wannan hali, duk taron babura sai da sanin hukuma da jami'an tsaro, kuma babu mai hankalin da zai nemi a zuba biliyoyi a kwaltar tsere alhali hanyar gona ba ta biyuwa.

Amma ba kowane fili ne ke bukatar kwalta ba. Akwai tseren babura na kan ƙasa, wanda ake yi a duniya a kan hanyar da ba ta wuce kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, mai kwanoni da 'yan tuddai, kuma irin jar ƙasarmu ta dace da shi. Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma da ƙungiyar 'yan acaba ba: fili a gefen gari inda ido ke kai wa, a share duwatsu da kututture, a jera tsofaffin tayoyi a kwanoni, a ja igiya nesa da hanya a ce nan ne iyakar 'yan kallo, a yayyafa ruwa saboda ƙura. A rubuta sunan duk mai shiga da lambar babur ɗinsa, bakanike ya duba birki da sarƙa, a raba yara da manya, a raba ƙananan injuna da manya. Wanda ba shi da hular kwano da takalmi rufaffe kada ya hau, wanda aka ga alamar ya sha wani abu a mayar da shi gida. Ma'aikacin lafiya da motar da za ta kai mutum asibiti su kasance a wurin kafin a tayar da inji ko ɗaya. Da rana za a yi, a tashi kafin magariba. Mai shayi, mai tsire, mai rake da mai faci duk za su samu ciniki, matasa kuma su samu gwanin da za su yi koyi da shi wanda ya yi suna a kan bin doka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Da yawa daga cikinsu ba su ne ke tuƙin ba.

Kira na ga shugabannin ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, da hakimai da shugabannin 'yan acaba, su zauna da samarin nan su nema musu fili a duk inda tsaro ya ba da hali. Kafin a samu, iyayen ango su riƙa faɗa tun a wurin ɗaurin aure cewa ba su yarda a yi wasan babur a cikin gari da sunan bikin ɗansu ba. Kai kuma ƙanena mai babur, ka sayi hular kwano ka riƙa ɗaure ta, kuma kada ka ɗaga taya a inda yara ke tsaye.